Kuɗin Tsayawa

Ranar Alhamis, ana yayyafi a Poznań,
na shiga garejin Bogumił da takarda a hannu.
Asabar za a buɗe mana filin tsere,
mu 'yan koyo, masu motocin zuwa aiki.
Duk abin da na rubuto na gudu ne,
ban rubuto ko ɗaya ba na tsayawa.

Ya karanta, ya ninke, ya ɗora kofin shayinsa a kai.
"Dobrosława," ya ce, "kowane sakarai ya iya taka totur.
Miƙaƙƙiyar hanya ba ta tambayar kowa komai.
Kwana ce mai tambaya,
kuma ba ta jiran ki shirya amsawa."

Ya ɗaga motar, ya kwance tayar gaba,
ya zaro takalmin birkina, ya juya shi a tafinsa.
"Wannan na cefane ne.
Yana kamawa da sanyin safiya, ba ƙara, ba ƙura.
Zagaye uku zai yi miki ladabi.
A na huɗu zai gasu, ya yi santsi kamar sabulu,
ki taka, ki ji ƙauri ya cika miki hanci,
motar kuwa ba ta san kin yi magana ba, sai wucewa."

Na nuna kwalin da ya fi tsada a kanta.
Ya girgiza kai.
"Wancan na 'yan tsere ne zalla, da sanyi kurma ne,
sai ya sha wuta yake jin kira.
Yana cin faifai kamar gara ta sami katako.
Ɗauki na tsakiya. Zai yi miki ƙara, zai baƙanta taya,
amma ba zai bar ki a hanya ba, zuwa ko dawowa."

Ni dai idona na kan wani faifan birki
mai huji-huji, mai ƙyalli,
irin wanda ko a falo aka rataya ba a yi laifi ba.
Bai ce komai ba. Ya ɗingisa zuwa bango,
ya sauko da wani tsoho, duk tsatsa,
ya kama yatsata ya bi da ita:
tsaga ce siririya, daga huji zuwa huji,
daga huji zuwa baki.
"Shi ya ba ni gwiwar nan," ya ce,
ya mayar da shi kan ƙusa. Ban nemi ƙarin faɗa ba,
shi ma bai yi niyyar ƙarawa.

Na sayi mara ado, mai kauri, mai nauyi,
mummuna kamar murfin tukunya.
Ya tsiyaye tsohon man birki, ya yi duhu kamar shayinsa.
"Ya sha ruwa," in ji shi, "ruwa kuwa ba ya jin kunyar tafasa."
Da daddare muka bi hanyar bayan gari,
in yi gudu, in taka, in saki, har sau goma,
don takalmi da faifai su san juna
kafin ranar haɗuwa.

Asabar. Zagaye na bakwai.
Allon mita ɗari ya wuce ni ta dama,
na taka.
Bel ya cije ni a kafaɗa, gaban motar ya durƙusa,
feda tana nan da tauri, inda na bar ta da safe.
Na ji wata tana dariya cikin hular kwano,
ashe ni ce.
Na yi zagaye ɗaya a hankali, kamar yadda ya ce,
na faka ban ja birkin hannu ba,
na tsuguna ina jin ƙarfe yana ƙas-ƙas, yana hucewa.

Litinin, a danjar gaban kantin burodi,
birkin ya yi wani ƙiii, har tattabaru suka tashi.
Wata tsohuwa ta harare ni ta saman tabarau.
Na ɗaga mata hannu.
Kuɗina ne ke kuka, Baba,
kuma ban yi da na sanin kashewa.