Shafi na Arba'in da Bakwai

Ran Alhamis littafin ya iso Tawa
a motar Yamai, ƙarƙashin buhun gari,
gefensa ɗaya ya sha manja.
Bugu na uku. Ya ɗara na da kauri da yatsa biyu.
Ni ke riƙe shi, don ni ke ba da labari:
ni ne ruwan sama, ni ne abokan gaba,
ni ne gadar da ke karyewa in ɗan lido ya ce ta karye.

Muka baje taswira a tabarmar Arzika,
murafen kwalba suka zama bataliya,
albasa guda ta koma tudu.
Shayin farko na kan wuta
na buɗe shafi na arba'in da bakwai.

A da, in harsashi ya sami sojanka
sai ka jefa: huɗu ko fi, ya miƙe,
ya kakkaɓe wando ya ci gaba.
Yanzu an ce a'a.
Wanda ya faɗi, mutum biyu ke ɗaukarsa,
bindiga biyu sun yi shiru ke nan,
tafiya ta ragu rabi,
ruwan gora ma kurɓi-kurɓi za a ƙirga.

Illa ya dire kofi.
"Wannan ba wasa ba ne, aikin akawu ne!
Na yini ƙirgar buhu a tasha,
in zo nan in ƙirga kurɓin ruwa?
Kafaran Ɗanja nawa, shekara uku,
harsashi goma sha ɗaya ya ci, yana nan daram.
Su wa za su gurgunta mini shi daga nesa,
mutanen da ko sunan Tawa ba su iya faɗa ba?"

Balkisa, da ta taso daga asibiti da warin magani a zane,
ta ce, "Sha ɗaya? Ai kafaran naka rariya ne.
Tsohon littafi ya sangarta ka.
In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake."

Agali bai ɗago ba, yana bin layi da farce.
"Ba su hana a ɗora shi a jaki ba."
"Babu jaki a littafin."
"To, laifin littafin ne."

Arzika ya so raba gardama,
tsohuwar doka Juma'a, sabuwa Lahadi,
muka taru muka yi masa caa.
Aka ɗauke wuta. Muka kunna fitilun waya.
Shayi na biyu ya wuce cikin hayaniya,
na uku ya huce ba wanda ya taɓa.

Can daga bakin zaure, inda rediyo ke tari,
Baba Nomau, wanda ya sa kaki kafin a haife mu
bai kuma taɓa ba mu labarinsa ba,
ya ce, "Mutum nawa suka rubuta?"
Na ce biyu.
Ya daɗe yana soka ashana a haƙori.
"Huɗu ne. Da bargo.
Na biyar na tafe a gefe yana masa surutu,
yana tambayar sunan uwarsa, sunan garinsu,
don kada ya yi barci."
Ya naɗe buzunsa ya shige.

Sauro kaɗai ke magana.

Illa ya ɗauki Kafaran Ɗanja,
murfin lemo mai lanƙwasasshen baki,
ya kwantar da shi rigingine gindin albasa,
ya jawo huɗu suka kewaye shi,
ya laluba aljihu, ya ƙara dala ta zama na biyar.

Na ciro biro.
A littafin da muka haɗa kuɗin wata biyu muka saya
na soke biyu, na rubuta huɗu,
hannuna bai ko yi rawa ba.

Ɗan lido na nan inda na ajiye shi tun magariba,
ba a jefa ko sau ɗaya ba.
Muna naɗe taswira Agali ya yi gyaran murya:
"To, jakin fa?"