Ja Mai Kujera Biyu

A bayan a-kori-kura aka kawo ta Kurmin Mashi,
ran Talata, ana yayyafi.
Ja ce, amma jan ya koma na goron da aka tauna aka tofar.
Shekara goma sha tara kaji na ƙwai a kujerarta.
Yarana suka kewaye ta suna dariya:
Oga, mota ce ko kwalekwale?
Ba rufi, ƙafa da wayoyi kamar ta keke,
sitiyari a dama, tun kafin a canja hannu.

Na ce ku kama bakinku. Em-Ji ce.
Ta girmi iyayenku.

Ladidi ce ta biyo ta.
Ta ce ta Baba ce, Injiniya Barau na masaƙar Kakuri,
ya saye ta hannun Baturen da zai koma gida
da albashin wata goma sha ɗaya.
Masaƙa ta mutu, idonsa ya bi bayanta.
Ba tuƙi yake so ba, in ji ta.
So yake ya ji muryarta.

Na ɗaga bonet.
Sifana sha uku ta yi mata yawa, sha biyu ta ƙi shiga.
Da inci aka auna notinta, ba ta jin yaren Japan.
Sai da na tono akwatin maigidana, marigayi Baba Shekari,
na fito da ƙarafan da na ɗauka
sun gama aikinsu a duniya.

Wata huɗu.
Tsatsa ta ci gindin ƙofa yadda gara ke cin zana.
Sau bakwai na taka Fanteka.
Cindo mai walda ya yanko jikin tsohon firiji,
ya buga, ya lanƙwasa, har ya ɗauko ƙugunta.
Gaskit babu mai sayarwa daga nan har Ikko.
Na shimfiɗa kwali, na bi bakin ƙarfe da ƙaramar guduma,
ƙwas, ƙwas,
ramukan suka fito da kansu.
Wayoyinta kuwa da nasu ra'ayin:
ka kunna fitila, hon ya amsa.
Batir ma a juye take karɓarsa.
Fis shida na ƙona kafin na sauke girman kai.

Kafireta biyu gare ta,
kamar mutum biyu ɗauke da gado ɗaya a kan tsani,
in ɗaya ya yi gaggawa kowa ya sha ƙasa.
Ba na'urar da za ta gaya maka.
Guntun tiyo za ka kai kunne,
ka ji numfashin wannan, ka ji na waccan,
ka yi ta murɗawa har su shirya.

Ran Asabar Ladidi ta kawo shi, tana riƙe da hannunsa.
Ya bi jikin motar da tafin hannu tun daga fitila,
ya tsaya kan wata loɓa da na ƙi cikewa.
Ya ce, ƙofar asibiti, daren da aka haifi wannan.

Na murɗa makulli.
Ta yi tari biyu, ta kama.
Ya karkata kai, ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce, yaro,
ni da furfurata,
ta bayan nan tana shan mai da yawa. Rage mata kaɗan.
Na rage.
Gaskiyarsa.

Na ja mu, shi a hagu, hularsa a cinya.
Muka haye gadar kogi, masu adaidaita na leƙo mu ta sama.
Iska ta shiga rigarsa ta cika ta.
Daidai shataletalen Tasha ta yi shaƙuwa, ta mutu.
Na ji kunya ta kama ni har wuya.
Tsohon nan kuwa dariya, har da buga ƙofa:
Ita ce! Wallahi ita ce!
Nan take mutuwa tun saba'in da huɗu.

Mun tura. Ya ƙi sauka.

Inda ta kwana wata huɗu a garejina
akwai tabon baƙin mai, faɗin faifai.
Yarana sun kawo yashi za su rufe.
Na ce a bar shi tukuna.