Tawada Ɗaya

Ni ne Tasi'u mai ɗab'i, shagona na bayan Ƙofar Ƙaura,
inji biyu, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Bara da damina na buga katin inshorar lafiya dubu goma sha biyu,
kore shar, da hoton hannu riƙe da ganye.
Na Inna ma ni na buga,
har na gyara mata suna, sun rubuta Balira maimakon Barira.

Bana da kakar zaɓe ta kama
sai ga yaro a mota mai baƙin gilashi ya kawo aiki:
fuska mai sheƙi, hula a karkace,
a ƙasa an rubuta Lafiya Uwar Jiki.
Fasta dubu hamsin. Ya miƙo cak.
Kwana uku tsakani, wani yaron, wata motar,
abokin hamayya ne, shi da tabarau,
nasa alkawarin Magani Kyauta Ga Kowa.
Fasta dubu hamsin. Ya miƙo cak.

Da dare na jera takardun biyu bisa tebur,
na haska su da fitilar waya.
Banki ɗaya.
Sa hannu ɗaya, mai lanƙwasa kamar wutsiyar kunama.
Hatimin kuwa ba baƙona ba ne,
ni na yanka shi bara:
hannu riƙe da ganye.

Ashe wanda ya sayi zaren hannun 'yan dambe biyu
ba ruwansa da wanda ya sha ƙasa.

Ran Laraba sukarin Inna ya hau.
Muka kama layi tun da hantsi har aka kira azahar,
tana jingine da kafaɗata, ba ta kai nauyin rim ɗin takarda ba.
Malamar da ke bayan taga ta juya katin, ta sake juyawa,
ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
wata bakwai ke nan kamfanin bai turo ko sisi ba,
ku tsallaka titi.

Na tsallaka.
Na ƙirga wa mai kemis kuɗin fasta,
nasu ne dai, ya zagayo ta aljihuna ya wuce.
Ya naɗe mini ƙwayoyin a yagaggiyar takarda,
ina warwarewa a gida sai ga rabin fuska,
ido ɗaya cikin tabarau, da haƙora huɗu suna murmushi.
Inna ta ce, wannan ɗan gidan wa ne?
Na ce, ki sha da ruwa, Inna.

Kada ku ce na wanke kaina.
Da kuɗin nan na sayi tawada, na biya Ƙasimu da Mati,
na sa wa janareta sabon zobe ya daina tari,
ita ba ta daina ba.
In baki ya ci, ido ke jin kunya,
ga shi nawa idon kullum yana kan aikinsu,
yana duba ko jan ya zarce, ko koren ya yi duhu.

Yanzu duk bangon da na wuce, daga Rafin Daɗi har Sabuwar Unguwa,
suna hararar juna, ni kuwa na san su tun suna farar takarda.
Gwangwani ɗaya suka sha.

Jiya aka sake aiko yaro, saura kwana tara a jefa ƙuri'a.
Kyalle suke so, kamu goma, da manyan baƙaƙe:
Kamfaninmu Na Taya Mai Girma Murnar Nasara.
Na ɗauki biro na ce, wane suna?
Ya ce, bar wurin fari,
za mu kira ka.