Shuɗin Faranti

A Hatton, inda gajimare ke kwana kan tsaunukan shayi,
aka ba mu ɗaki ɗaya, ni da Vasuki,
kwamfuta biyu, aiki guda:
mu sa na'ura ta raba ganye mai daraja da tarkace.

Ni mutumin doka ne. Na zauna na rubuta:
in ya wuce tsawon ɗan yatsa, ture shi;
in gefensa ya yi ja, ture shi;
in kore ne shar, toho ɗaya da kunne biyu, ba shi hanya.
Layi ɗari uku da goma sha bakwai,
kowanne na san daren da na haife shi.

Vasuki ba ta rubuta ko ɗaya ba.
Kyamara ta rataya, ta bi tsohuwa Letchumi
wadda ta shekara arba'in da kwando a baya.
Hoto dubu talatin: wannan e, wannan a'a.
Ta ɗura wa na'ura har wuya,
ta ja bargo.

Da ruwa ya sauka, ganye ya jiƙe ya yi duhu,
dokokina suka rantse duk gonar shara ce.
In toshe nan, can ta ɓalle,
kamar mai facin rufin da ya gaji da duniya.
Tata kuwa ko gezau.
Ranar na ci shinkafa ban ji yajin miyar ba.

Sai wata Talata aka sauya farantai,
shuɗi suka ƙare, aka kawo farare.
Ɗalibar Vasuki ta birkice,
ta watsar da toho mafi tsada a kwandon shara.
Kwana tara muna neman dalili,
ba ta da baki, sai tarin lambobi.
Ashe Letchumi a shuɗin faranti take aje mai kyau;
ba ganyen aka haddace ba, farantin aka riƙe.

Tawa in ta yi kuskure nakan ɗora yatsa:
ga ɓarawon, layi na tamanin.
Tata ko daidai ta yi,
ba mai iya cewa don me.

Letchumi ta shigo neman lemarta.
Ta ɗauki ganye ɗaya, ta murje, ta kai hanci:
"Na gangaren gabas ne, an tsinke shi a makare."
Muka ce, yaya aka yi kika sani?
Ta yi dariya, goron bakinta ya yi ja.
"Uwata doka uku ta ba ni.
Sauran, yatsuna ne suka biya kuɗin makaranta."

Daren nan Vasuki ta ari layi ashirin daga nawa
ta yi wa ɗalibarta shinge.
Ni na karɓi hotunanta, ina share farantin.
Shayinmu ya huce a gefen allo.
Har yau ba mu san ta inda za mu sa wa na'ura hanci ba.