Gwangwanin Baba Tsahiru

A Birni, bayan dutsen da awaki ke hawa,
kakana ya bar mana gwangwanin madara guda.
Ba kuɗi ciki, ba laya,
sai tambur-tambur, kowane kamar farcen babban yatsa.
Mutanen Kano kan ce musu kan sarki.
Shi kuwa ya ce, wane sarki,
ai ƙafar talaka ce da ya rasa kuɗin mota.

Shekara talatin yana gidan waya
yana buga hatimi, dum, dum,
har kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka.

Akwai ɗaya da ba a taɓawa da hannun miya:
duniya a dunƙule kamar curin fura,
mata biyar na shawagi kewaye da ita,
kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta takarda.
Ya ce na tunawa ne da wani zama a Bern,
garin sanyi, tun kakansa na goye,
inda ƙasashe ashirin da biyu suka sa hannu
cewa wasiƙa ba ta san iyaka ba.
Ka biya a ƙofar gidanku,
baƙon da bai san sunan uwarka ba
ya ɗauke ta har inda za ta.
Ya ce, mu da ke faɗa a layin famfo,
dubi abin da masu faɗa da igwa suka iya.

A gindin gwangwanin na tarar da ambulan.
Rubutunsa ne: Zuwa ga ƙanena Mani,
wanda ya kama hanyar Makka a ƙafa,
labarinsa na ƙarshe daga Wad Madani.
Hatimin Damagaram. Hatimin Yamai.
Wani da ruwa ya cinye.
Hatimin Khartum,
da jan alƙalami a gicciye: ba a san shi ba.

Wata bakwai tana yawo hannu zuwa hannu,
ta dawo tebur ɗin wanda ya fara buga mata hatimi.
Ba wanda ya buɗe ta a hanya.
Ba wanda ya nemi ko dala.
Shi ma bai buɗe ba, ya san abin da ke ciki.

Ɗana ya haura Agadas tun kafin azumi.
Saƙon da na tura masa
alama guda ya nuna, mai launin toka,
har yau ba ta zama biyu ba.
Wannan ba mai dawo mini da shi
in samu abin sa wa a gwangwani.