Ta Riga Ni Gida

Ubangiji, ni ce, Barmani ta gidan Nomau.
Ka san ni, ba sai na ɗaga murya ba.
Yau Lahadin Godiya. Tun asuba
ƙarfen coci ke kira,
tsohon wilin motar nan da ke rataye a reshen bedi,
ni kuwa ina bakin murhu
ina lissafin abin da zan gode Maka a kai,
kamar mai ƙirga canji a kasuwar Ƙafur,
ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, bai cika ba.

Bara mu biyu muka shiga,
shi da dami a ka, ni da ƙwaryar gyaɗa,
yana rawa da ƙafar da ba ta san kiɗa ba
har matan zumunta suka ɓata waƙarsu don dariya.
Bana Ka ɗauke shi ana tsakar noman fari.
Ka bar mini gona da ciyawa
da fartanya mai ƙota daidai hannunsa.
Ba zan ɓoye Maka ba, na yi fushi.
Mako bakwai Amin ɗina a leɓe take tsayawa.

Amma kowace safiya jikarmu Tabita
takan buɗe Littafin inda ya tsaya,
inda ya sa tsinken tsintsiya ya yi alama,
ta bi layi da yatsa
tana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi,
ni ina dama koko, ina ji da rabin kunne.
Haka Ka riƙa shigowa gidan nan,
ba da tsawa ba,
ta bakin 'yar aji huɗu
da ko ido ba ta gama wankewa ba.

Wata Laraba na isa gona
na tarar da baya goma sha ɗaya a sunkuye.
Dogara ne ya kira gayya, bai gaya mini ba.
Malam Ɗangoje, mai shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya,
ya aiko da shanun huɗa,
ya ce kada a yi masa zancen kuɗi,
wai Nomau ya taɓa goya mahaifiyarsa har bakin titi
a daren da rafi ya kawo.
Shekara talatin da aure, ban san wannan ba.

Dawa ta yi, ba kamar da ba:
dami sha huɗu inda muke ɗaure talatin.
Na ware ɗaya.
Na kama kazata wake-wake, mai kwana a kan turmi,
na ɗaure mata ƙafa da tsumma.

Ka dai ga gaban bagade yau.
Kabewa, buhun masara, rake a jingine,
auduga fara sol a cikin kwando,
tunkiya tana amsa wa Fasto wa'azi,
wani yaro da ƙwai biyu a cikin hula.
Na ajiye nawa. Ban yi rawa ba,
amma ƙafata ta ɗan motsa, Ka gani.

Bayan an sa albarka aka buɗe gwanjo.
Ina fita na ji ana tayin kazata,
dubu huɗu, dubu shida,
kazar da ko ranar kasuwa ba ta kai rabin haka ba.
Ban tsaya ganin mai saye ba.
Na biya ta maƙabarta
na gaya wa Nomau yawan damin bana,
na cire masa ƙaya biyu daga kai.

Da na dawo, inuwa ta haye danga,
ga ta zaune a kan turmi,
tsumman a ninke a gefe,
tana dubana da ido ɗaya.
Tabita ta ce wani ne ya miƙo ta,
kuma an hana ta faɗin suna.

Ubangiji, wane irin ciniki ne wannan?
Na ba Ka kaza, ta riga ni gida.

To, na gode.
Ba don lissafin ya cika ba, bai cika ba,
tabarmarsa tana nan a naɗe.
Amma gobe, in yarinyar nan ta buɗe Littafin,
zan ajiye ludayi in zauna,
mu matsar da tsinken tsintsiyar gaba.