Rajistar Baƙi

Ni ne mai riƙe bik a zauren majalisar gari,
aikina rubutu, ba ni da baki.
Talata ce, fanka ɗaya ke juyi, ita ma da gurnani.
Kujeru talatin da ɗaya, biyu ba masu su,
magana guda a kan tebur:
Sinawan kasuwa, a ƙirga su, a ba su kati,
wanda wata uku ya cika bai da shi
a kai shi Yamai, a sa shi jirgi.

Alhaji Barmo Mai-Atamfa ya fara tashi,
turmi biyu a kafaɗa.
"Wannan na gaske, jika goma sha biyu.
Wannan nasu, jika huɗu,
fure ɗaya, zane ɗaya, wanki biyu ya koɗe.
Yarana shida na rumfa suna korar ƙuda.
An ce baƙo raɓa ne.
To, ga raɓa ta kai azahar ba ta bushe ba."
Aka buga tebur.
Na rubuta: an buga tebur.

Hajiya Tsahara ta Bagalam ba ta tashi ba,
gwiwa ta hana.
"Injin da ke matse mana gyaɗa,
in ya yi tari ya tsaya, wa ke buɗe cikinsa?
Jawo. Haka muke kiransa, sunan ya fi ƙarfin harshenmu.
Shekara tara yana cin ƙuli-ƙulina bashi, yana biya.
Ku ƙirga shi, ko awaki ana ƙirgawa.
Amma in kun sa shi jirgi,
Alhaji, ka kawo turmi, ba irin na kafaɗarka ba,
ka zo da taɓarya ka daka mana."
Dariya. Ban rubuta ba.

Daga nan aka ɓata sa'a guda kan kalma.
Wasu suka ce kora, wasu mayarwa,
wani mai digirin shari'a ya ce rakiya.
Na goge sau uku, takarda ta huje.

Sai tsoho Mijinyawa, da muka ɗauka barci yake,
ya cire tabarau.
"A Kumasi mako biyu aka ba mu.
Ina ɗan shekara goma sha ɗaya.
Babana ya sayar da keken ɗinki kuɗin zakara,
muka kwana huɗu a bayan akori-kura
da tukunya ɗaya da kwandon goro.
Su ma rakiya suka ce.
Kuma da kakanninmu suka taso daga Katsina
da ƙafa, da jini a diddige,
ban ji labarin wanda ya tsaya bakin gulbi
yana tambayarsu kati ba."
Barmo ya ce, "To, wane gefe kake?"
Ya mayar da tabarau. Bai amsa ba.

Ƙuri'a: sha huɗu, sha huɗu,
ɗaya ya fita alwala bai dawo ba.
An ɗage sai bayan kaka.

Da yamma na bi ta layin masu walda.
Ƙafafu biyu ne kawai a waje,
sauran Jawo na ƙarƙashin inji.
Ya fito baƙi ƙirin, ya ce, "Malam, an gama?"
Na ce da saura.
Ya ce, "Yaya ka rubuta sunana?"
Na buɗe rajista: sau uku, kowanne dabam.
Ya tsoma yatsa a baƙin mai,
ya zana a bayan kwali
wani abu kamar rumbu da tsani a jikinsa.
"Haka uwata ke rubutawa."

Kwalin na cikin aljihuna.
Na duba takardar katin sama da ƙasa,
layin suna ya yi masa kaɗan.